Ledar Ruwa a Ƙusar Ɗakin Dakta

Shafi na 23

Masu cewa na cika kare Sista Firdausi, saƙonku ya iso. Yau ko ni ban samu bakin kare ta ba. Ku gyara zama.

*

A kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibitin koyarwa Sista Abimbola ta ritsa ta. Tashin Firdausi ke nan daga aikin safe, ko fararen kayan ba ta cire ba, hijabi kawai ta zura a kai. Mai kemis na saka mata kaya a baƙar leda, ledar ƙarin ruwa da kanula, allurar da ake bari a jijiya, da kwalaben allurar nan mai mayar da ruwa rawaya.

"Maman Mufida."

Mutum ɗaya ce a duk faɗin Kano ke kiranta haka. Abimbola Bayarabiya ce haifaffiyar garin nan, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, sun daɗe suna aiki tare, amma ta kasa barin al'adarsu ta kiran uwa da sunan ɗanta na fari. Ita kuwa Firdausi duk sanda ta ji sai kunya ta kama ta. Mufida 'yar fari ce, kuma tun da ta haife ta bakinta bai taɓa furta sunan ba, haka ta taso ta ga ana yi a gidansu. Da yarinyar ta fara zuwa ta ɗaya a firamare sai uwar ta samu mafita, ta raɗa mata Dakta. Sunan ya bi ta daga gida zuwa Islamiyya, har mai shagon layinsu a Gyaɗi-Gyaɗi bai san ta da wani suna ba.

"Sista Bimbo, kin tsorata ni."

"Ruwan wa ne wannan?"

"Na Dakta ne. Taifot ɗin nan ne ya sake dawowa, ga jarrabawar WAEC ta matso."

"Wane gwaji ya nuna taifot?"

Firdausi ta yi 'yar dariya.

"Haba dai. Ni da nake kwana da masu taifot? Ciwon kai, kasala, abinci ba ya shiga, hannu na rawa. Sai na kai jini kafin in gane?"

"Na ga hannunta, Maman Mufida. Babu jijiyar da kika bari."

Dariyar ta tsaya.

"A ina kika ga hannunta?"

Abimbola ta kama hannunta. Ta ja ta suka fito, suka tsallake masu adaidaita da ke ta kiran fasinja, suka tsaya a gindin wata darbejiya. Rana ce irin ta bazara, mai sa mutum ya ji haushin kowa.

"A gidana na gani," in ji Abimbola. "A Unguwar Gano, a kan tabarmar tsohuwata."

"Me ya kai ta gidanki?"

"Lesin ɗin da kike tura ta Zoo Road bayan an tashi makaranta, rabonta da shi tun kafin azumi. Gidana take zuwa. Ta gaishe da Mama, ta kwanta a ƙasa da kayan makarantarta, ta yi barci. Barci kawai. In lokacin tashi daga lesin ya yi Mama ta tashe ta, ta wanke fuska ta kama hanya."

Abin da ya fara fitowa daga bakin Firdausi wuta ce.

"Lalle Bimbo! Wato ke ce kika buɗe mata ɗakin kwana? Muna cin abinci kwano ɗaya da ke, ashe kina can kina kashe wa yarinya karatu? Ina nan ina faɗa wa duniya tana lesin!"

"Ta haɗa ni da Allah kada in faɗa. Na yi kuskure da na yi shiru har yanzu, na yarda. Shi ya sa da na hango ki da ledar nan na ce yau sai dai ta ji haushina."

"Lalaci ne kawai ya same ta. Zan je in same ta."

"Ba lalaci ba ne, kuma ba taifot ba ne. Yarinyar nan ta gaji ne, gajiyar da ruwa ba ya magani. Ina ganin irinsu kullum a ɓangarenmu. Ki kawo ta ta ga likitanmu, a sassauta mata karatun nan, ta huta."

Abimbola a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa take aiki. Da jin haka Firdausi ta ja da baya.

"Ɓangarenku? 'Yata ba mahaukaciya ba ce!"

Sai da mai sayar da kankana da ke gefe ya waigo.

"Ban ce mahaukaciya ba ce," in ji Abimbola, ta yi ƙasa da murya. "Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ƙarfin wannan maganar. Ki je gida. Kafin ki huda ta, ki tambaye ta abin da ya faru ranar JAMB."

"Me ya faru? Ta ce min da sauƙi."

"Wannan ba a bakina za ki ji ba."

*

A cikin adaidaita Firdausi ta rungume ledar a cinya tana ta shirya faɗan da za ta yi. Ta shirya shi tsaf, har da inda za ta ɗaga murya. Sai dai kafin su kai kwanar layinsu faɗan ya fara zubewa da kansa, domin ta tsinci kanta tana neman ranar ƙarshe da ta ga Dakta na dariya, ta nema ta rasa.

Ni dai na san yadda ranar yarinyar take, kuma ko ni da nake ba ku labari ina gajiya in na tuna. Da asuba hadda, da safe makaranta, daga can lesin, daga lesin Islamiyya, bayan isha'i a rufe ta a ɗaki da tambayoyin shekarun baya. Asabar da Lahadi malamin Fiziks ya zo gida. In jiki ya ƙi, ga uwa nas a gida, me za a je yi asibiti? Akwai ƙusa a bangon ɗakin, daidai saman teburin karatu. Da can kalanda ake ratayewa. Yanzu ledar ruwa ce ke hawa kanta, a hannun hagu ake sa kanula don na dama ya samu riƙe biro. Firdausi har alfahari take da wannan dabara, ta sha ba abokan aikinta labari suna cewa kai, Dakta ta yi dacen uwa.

Kada ku ce muguwa ce. Ita ma likita ta so zama, maki ya gaza mata kaɗan, ta ƙare tana tsayawa a bayan yaran da ta girme wa tana cewa to, Dakta. Ta yi wa kanta alkawari 'yarta ba za ta tsaya a bayan kowa ba. Son 'yarta take, so mai tsanani, sai dai ba ta san wata hanyar nuna shi ba in ba wannan ba.

Gidan shiru. Ƙannen sun tafi Islamiyya, Abbansu bai dawo daga kasuwa ba. Dakta ce kaɗai aka bari saboda ba ta da lafiya. Firdausi ta tura ƙofar ɗakin.

Mufida na zaune gaban tebur, littafin Kemistiri a buɗe, idonta a kan bango. Ta rame, wuyan rigarta har zamewa yake. Da ta ji motsi ta waigo.

"Sannu da zuwa, Umma."

Idonta ya sauka kan baƙar ledar. Ta ajiye biro. Ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta miƙe hannun a kan tebur, ta dunƙule yatsu yadda aka koya mata, ta kau da kai tana jira.

Firdausi ta sha riƙe hannun nan tana laluben jijiya, amma yau ne ta kalle shi. Tabo a kan tabo, wani ya yi baƙi, wani bai gama warkewa ba. Ledar ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

"Sauke hannun rigarki."

"Ba za a sa ba?"

"Ina kike zuwa in an tashi makaranta?"

Mufida ta sauke hannun rigar. Can ta ce a hankali, "Anti Bimbo ta faɗa miki."

"Tambayarki nake!"

"Gidanta."

"Ki yi me?"

"Barci."

"Barci! Babu gado a gidan ubanki? Dakta, me na rage ki da shi? Wanke-wanke na ɗauke miki, shara na ɗauke miki, ko kofi ba kya ɗauka a gidan nan. Biki da suna na hana ki, ƙawaye na kore su, wayarki na karɓe na ba Abbanku. Komai na share miki don ki samu karatu, shi ne za ki saka min da haka?"

"Da kin bar min ko wanke-wanken ne, Umma."

"Me kika ce?"

"In ina wanke-wanke kaina yana hutawa."

Firdausi ta zauna a bakin gado. Ta sassauta murya.

"Me ya faru ranar JAMB?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan littafin, ta sa yatsa tana gogewa kada ya ɓata shafin.

"Faɗa min."

"Na zauna gaban kwamfutar. Na tofa duk addu'ar da kika ba ni. Aka ce mu fara. Umma, wallahi ina ganin rubutun, ina ganinsa sarai, amma ba ya shiga kaina. Tambayar farko na yi ta karantawa, in na kai ƙarshe na manta farko. Na kusa da ni sai dannawa suke. Na ce bari in kifa kaina kaɗan ko zai dawo."

"Sai me?"

"Sai matar da ke tsaron jarrabawar ta tashe ni. Ta ce lokaci ya cika."

"Nawa kika amsa?"

"Ko ɗaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Firdausi ta dafe ƙirji. Abin da ya fara zuwa mata, kuma ba zan ɓoye muku ba, fuskokin abokan aikinta ne, da na dangin Abbansu, da mai shagon layi. Sai daga baya ta ga yarinyar da ke gabanta.

"Amma kika dawo kika ce min da sauƙi."

"A ƙofar gida kika tare ni kina murna. Kin yi min farfesun kaza. Kin ce wa maƙota ga Dakta ta gama. Ta ina zan fara?"

"To kafin nan fa? Me ya hana ki faɗa min kin kai haka? Ni ba uwarki ba ce?"

Mufida ta ɗago. Idanun sun yi ja, amma babu rashin kunya a cikinsu, da ma akwai da Firdausi ta fi samun sauƙi.

"Na faɗa, Umma. Na ce kaina na ciwo, kika yi min allura. Na ce na gaji, kika rataya ruwa. Da na ce in na kwanta barci ba ya zuwa, kika ce to maimakon in yi ta juyi in tashi in yi bita. Ranar da na ce miki na daina gane karatu, rubutun sha kika karɓo min na buɗe ƙwaƙwalwa. Na shanye, Umma. Duk na shanye."

"Ai da sai ki ƙi. Da kin ce ba kya son ruwan, da..."

"Ina so."

"Kina so?"

"In kina neman jijiya kina riƙe hannuna. Kina shafawa, kina cewa sannu. Lokacin ne kawai kike riƙe ni. Shi ya sa ban taɓa ƙi ba."

Jama'a, a nan Firdausi ta karye. Wani kuka ya taso mata daga ciki, ta toshe baki da hijabi. Ƙannen Mufida kullum suna jikinta, tana goya wannan tana yi wa wancan wasa, tana kiran sunansu da ƙarfi har maƙota su ji. Ita kuwa 'yar fari sai dai kallo daga nesa, don kada a ce ba ta da kunya. Kakarsu har yabonta take a kan haka. Ba ta taɓa zaton yarinyar na lura ba, balle ta ɗauka tana jin ciwo.

"Dakta..."

"Don Allah ki daina."

"In daina me?"

"Sunan nan. In aka kira ni da shi ƙirjina bugawa yake. A makaranta in na ci tara cikin goma malami sai ya ce haba Dakta. A Islamiyya in na yi tuntuɓe a hadda sai a ce Dakta guda. Ba ni da damar in manta komai." Ta share hanci da bayan hannu. "Umma, ya sunana?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ki faɗa in ji. Ban taɓa ji a bakinki ba. Ba kowa a gidan, ba wanda zai ji."

Firdausi ta motsa leɓe. Sunan na nan a kan harshenta, ita ta zaɓe shi tun yarinyar na ciki, ta raɗa wa Abbansu a ɓoye. Amma shekara goma sha bakwai tana haɗiye shi, yau da ta neme shi ya ƙi fita. Ta kalli ƙasa kamar sabuwar amarya a gaban suruka.

"Kin san ba a yi," ta ce.

Mufida ta gyaɗa kai a hankali.

"To shi ke nan. Saura tambaya ɗaya, daga ita ba zan ƙara ba."

"Ina ji."

"In ban zama likita ba, in har abada ban zama ba, za ki iya kallona yadda kike kallon su Khalid?"

Khalid shi ne ƙaramin ƙaninta, wanda ko na ƙarshe ya zo a aji sai dai a yi dariya a ce yaro ne.

Amsar ba ta da wuya. Kalma ɗaya ce, kuma Allah ya sani tana nan a zuciyar Firdausi. Amma ta tsaya neman yadda za ta faɗe ta ba tare da ta sallama likitancin gaba ɗaya ba. Tana so ta ce e, tana kuma so ta ƙara da cewa baɗi ma shekara ce. Tana cikin wannan auna magana wayarta ta hau ruri a jaka.

Abbansu ne.

Da ta bar ta ta yi ta ruri. Ni da nake rubutawa sai da na ce a raina Firdausi kada ki ɗauka. Amma ba ta saba barin kiran maigida ya katse ba, kuma ta samu hanyar tsere wa idanun nan na ɗan lokaci.

"Ina zuwa," ta ce, ta fita tsakar gida ta ɗaga.

Muryar Alhaji Idris ta cika mata kunne, cike da fara'a.

"Albishirinki! An fara sakin sakamakon JAMB. Wayar Dakta na hannuna, yanzu na tura saƙon da layinta, amsa kawai nake jira. Na ce ba zan buɗe ni kaɗai ba. Na biya Ƙauyen Alu na ɗauko kakarta Hajiya da su Gwaggo Jummai, a gabansu za a karanta. Ki ce ta sa kaya masu kyau, mun shigo layi."

"Alhaji, tsaya, don Allah kada ka..."

Ya riga ya kashe.

A bayanta ta ji ƙofa ta rufu. Sai ƙarar ƙarfe, ƙaras.

Ta san ƙarar. Sakata ce ta ciki, ita da kanta ta kira kafinta ya sa, don kada ƙanne su riƙa shiga suna hana Dakta karatu. Har ta ce masa ya sa mai ƙwari wadda ba ta ɓallewa.

Ta ruga ta murɗa hannun ƙofar. Gam.

"Dakta! Buɗe!"

Shiru.

"Buɗe mana, amsar e ce! Wallahi e ce! Na yafe likitancin, na yafe JAMB ɗin, ki buɗe in gan ki!"

Ko motsi babu. Ta buga da tafin hannu, ta buga da kafaɗa. Ta durƙusa ta kai bakinta jikin katakon, kunyar ta tafi inda ba ta sani ba.

"Mufida."

Muryarta ta fito a dishe. Ta sake, da ƙarfi, har sunan ya amsa a tsakar gidan.

"Mufida! Mufida 'yata, ga shi na faɗa, kin ji na faɗa! Ki amsa min ko sau ɗaya!"

Ta kasa kunne a jikin ƙofar. Ba kuka, ba tari, ba jan kujera.

A waje mota ta tsaya. Aka buɗe ƙofofi, Gwaggo Jummai ta rangaɗa guɗa tun daga zaure, sannan muryar Alhaji ta biyo baya.

"Saƙo ya shigo! Ina Daktar tawa? Ta fito ta karanta mana da bakinta!"